Wasiƙa: kan bidiyon tashar Umeda da ke yawo a wayoyin 'yan Damagaram

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da kai da abokan aikinka, ya aiki, ya haƙuri da irinmu masu dogon rubutu. Ɗan fili nake roƙo in yi magana kan wani bidiyo da ya cika wayoyin yaranmu a nan Damagaram, wanda aka ɗauko cikin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Umeda a birnin Osaka na ƙasar Japan. Duk fadar da ka zauna ana shayi sai an miƙo maka salula ace Baba kalli inda duniya ta kai, mutane tuli suna gangarowa daga matakala ba mai ture wani, jirgi ya zo ya tsaya daidai kan zanen da aka yi masa, ƙofa ta buɗe ta rufe ya wuce, kafin ka gyara zama wani ya iso. Daga nan sai musu ya ɓarke. Wasu suce mu kam an gama da mu, wasu suce ai magana ce ta kuɗi kawai, da ana riƙe kuɗin uranium da na fetur da amana da tuni mun yi wanda ya fi wannan, akwai ma yaron da ya dube ni tsakaninsa da Allah yace ya kamata a haƙa irinsa daga Kasuwar Dole zuwa jami'a.

Ni aikina awon filaye ne har na yi ritaya, kuma Allah ya nufa na taɓa zuwa Osaka wani ɗan kwas kan tsara birane, ta cikin wannan tashar nake bi safe da yamma. Shi yasa nake ganin ina da ta cewa. Yaran nan fitilu da jirgi suke kallo, alhali abin da ya shafe mu a Umeda baya cikin bidiyon gaba ɗaya, yana cikin yadda aka yanke shawarar gina ta tun wajen shekara ɗari da suka wuce, da kuma yadda ake hana ruwa shiga cikinta har yau.

Bari in fara da mutumin da ya jawo abin. Sunansa Seki Hajime, malamin jami'a ne tun farko, ya yi karatun harkar sufuri a Beljiyam, ya zama magajin garin Osaka daga 1923 har rasuwarsa a 1935. Lokacin da ya hau, hanyar da ake kira Midosuji lungu ce da faɗinta bai wuce mita 6 ba, tsakiyar unguwar manyan 'yan kasuwa. Shi sai yace za'a buɗe ta ta koma kusan mita 44, tsawon kilomita 4 daga Umeda zuwa Namba, kuma a ƙarƙashinta a haƙa hanyar jirgi. A lokacin motocin garin ba su taka kara sun karya ba, shi yasa mutane suka riƙa yi masa ba'a suna cewa wai magajin gari filin saukar jirgin sama zai yi mana a tsakiyar gari. An fara aikin hanyar a 1926, kuma Edita ka lura da shekarar nan, ita ce shekarar da Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan Zinder suka kai Yamai, kuma cikin dalilan da ake bayarwa har da ƙarancin ruwan garinmu. An fara haƙa ramin jirgi a 1930, aka buɗe kashin farko ranar 20 ga Mayu 1933, daga Umeda zuwa Shinsaibashi, kilomita 3 da ɗan ɗoriya kacal. Tokiyo ta riga su da nata a ƙarshen 1927, amma na Tokiyo kamfani ne ya yi, na Osaka kuwa hukumar gari ce ta yi da kanta. Hanyar sama ba'a gama ta ba sai 1937, shi Seki bai ma ga ƙarshenta ba.

Wani abu da ya bani dariya da aka nuna mana hotonsa, taragun farko da za'a saka cikin ramin, da tarakta da shanu aka ja su ta cikin gari. Shanu fa, irin na huɗa. Wato kada wani ya ɗauka mutanen nan sun fara ne lokacin da suka gama wadata.

To ga inda nake son yaranmu su buɗe kunne. Ranar da aka buɗe layin, kowane jirgi tarago ɗaya tak ne, guda ɗaya, amma dandamalin da fasinja ke tsayawa an gina shi da tsawon da zai ɗauki jerin taragu masu yawa, rufin tashoshin kuma aka yi shi da tsawo da faɗi har mutane na cewa almubazzaranci ne. Yau jirgin layin nan taragu 10 yake ja, yana kwasar mutum sama da miliyan ɗaya a rana, da safe kusan kowane minti biyu wani na shigowa, kuma cikin ramin da aka haƙa tun 1930 yake bi. Irin abin da iyayenmu mata ke yi ne in za'a ɗinka wa yaro rigar sallah, ace tela ya sake ta, yaron zai girma ya cika ta. Ko a Umeda ɗin kanta da jama'a suka yi mata yawa, ba rushe ta aka yi ba, akwai wani rami a gefe da aka taɓa haƙawa don wani layi daban ba'a yi amfani da shi ba, shi aka haɗe da tsohon a 1989 dandamalin ya ninka faɗi.

Yanzu mu dawo gida. Ƙidayar 2012 ta ba birnin Zinder mutum sama da 300,000, kuma ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kusan kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wanda ke nufin cikin shekara ashirin ko ƙasa da haka mun ninka. Kowa na gani da idonsa, inda muka sani gonakin gero ne a hanyar Tanut da hanyar Mirya da hanyar Magarya yau gidaje ne. Ni na yi wannan aikin, na san yadda ake yi. A takarda ana zana lotisma da kyau, ga babbar hanya, ga filin lakol, ga filin likita, ga inda ruwa zai bi. Bayan 'yan shekaru ka koma wajen sai ka tarar babbar hanyar ta rame, wannan ya ci mita biyu ya yi shago, na gabansa ya ga ba'a ce komai ba ya ci uku ya yi dakali da garejin mota, filin da aka keɓe wa jama'a an yanka shi an sayar ta bayan fage, turakun simintin da muka kafa da hannunmu an tumɓuke an matsar cikin dare. Wanda yafi ciwo shine kwari da tabki, inda duk tsohon unguwa ya san nan ruwa ke kwanciya in damina ta yi kyau, sai a cike da shara da ƙasa a sayar wa wani bawan Allah da ya zo daga ƙauye ko ma'aikacin da ya tara kuɗinsa shekara da shekaru, ya gina, ruwa kuma baya manta hanyarsa. Ba wani ofis guda nake nuna wa yatsa ba, a wannan harka da mai sayarwa da mai saye da mai sa hannu da mu masu riƙe igiyar awo kowa akwai nasa.

Maganar ruwa kuma ita ce abu na biyu. Osaka gari ne na koguna a bakin teku, ƙasarsa laushi ce, unguwar Umeda kanta asalinta fadama ce aka cike, kuma akwai sassan garin da suke ƙasa da tsayin ruwan teku in ya cika. Layin nan sai da ya ratsa ƙarƙashin koguna biyu tsakanin Umeda da tsakiyar gari, suka riƙa tare rabin kogi su yi aiki sannan su koma ɗaya rabin. Ga guguwar teku duk shekara mai zuwa da ruwan da mu bamu taɓa ganin irinsa ba. A irin wannan wuri mutane suka haƙa rami suka zuba dubban ɗaruruwan jama'a a ciki kullum.

Abin da ya tsaya mani a rai ba jirgin bane, bakin ƙofar da nake shiga ne. Kafin ka fara gangarawa sai ka ɗan hau tukuna, taki ɗaya ko biyu, don kada ruwan titi ya samu hanya kai tsaye. A jikin bango dama da hagu akwai wani siririn kwarmi na ƙarfe daga ƙasa zuwa wajen ƙugu, na ɗauka ado ne har na tambayi mai yi mana tafinta, sai ya nuna mani wata 'yar ƙofa a gefe, a ciki ake ajiye allunan ƙarfe, in an yi hasashen ruwa mai yawa ma'aikatan tasha su fito da su su zura cikin kwarmin su ɗaure, ƙofa ta zama madatsa. Na sa yatsa cikin kwarmin nan Edita, ba tsatsa, ba ƙasa, ba ledar da wani ya cusa. Wato akwai mutumin da aikinsa ne ya duba shi ko ana ruwa ko ba'a yi, kuma yana dubawa. Can ƙasa kuma akwai injinan zuƙe ruwa da ke aiki dare da rana domin rami kullum yana tsatsa. Jirgi yana tsayawa wajen sha biyun dare sai ƙarfe biyar na asuba, a 'yan awoyin nan ma'aikata ke shiga da fitilu suna bin layi a ƙafa, suna duba ƙarfe da waya da magudana.

Kuma kada a ɗauka basu taɓa shan kashi ba. A Janairun 1995 girgizar ƙasar Kobe, maƙwabciyar Osaka, ta kashe mutum sama da 6,000, ta karya ginshiƙan tsakiya na tashar ƙarƙashin ƙasa ta Daikai har titin da ke samanta ya lotsa, bayan nan ne suka bi ginshiƙan tashoshi suna naɗe su da ƙarfe. A Yunin 1999 ruwa ya cika tashar Hakata a birnin Fukuoka, ya sake shiga a 2003. A Nuwamban 2016 a gaban wannan Hakata ɗin dai titi ya rufta inda ake haƙa sabon layi, rami mai faɗin kusan mita 30 a tsakiyar gari, Allah ya kiyaye ba wanda ya mutu don ma'aikatan sun ga alama sun fice sun tare hanya, cikin mako guda aka cike aka buɗe wa motoci. Suma abu na lalace masu. Bambancin kawai in ya lalace ana zama a gano dalili a rubuta a canza ƙa'ida, ba'a tsaya ga jaje da rabon buhun shinkafa ba.

Mu kuwa daminar 2024 tana nan a ranmu. Kusan mutum 400 aka rasa a faɗin ƙasa, kuma a farkon Satumba tsohon masallacin unguwar Birni ta garin nan da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 ya faɗi muna kallo, bidiyonsa ma ya zaga duniya. Nasan ruwan shekarar ya wuce misali kuma ginin ƙasa ne, ba zan ce kanibo, wato magudanar ruwa, kaɗai zai tsayar da shi ba. Amma dan Allah a zaga gari a watan Mayu a leƙa kanibon da muke da su, 'yan kaɗan ɗin. Leda, yashi, toka, mushen kaza, wani ma ya rufe na ƙofar gidansa da siminti don warin na damunsa. Ana jira sai hadari ya haɗu sannan a fito da matasa da shebur a ɗau hoto, a tara yashin a bakin kanibo a barshi nan, ruwan farko ya maida shi inda aka ciro shi. Garinmu kan dutse yake zaune, ƙasa bata shan ruwa, abin da ya zubo dole ya gudu ta wani wuri, in ba'a bar masa hanya ba ta ɗakin wani zai bi. Gari ne da a watan Afrilu mata da yara ke kwana a layin famfo da jarkoki, a watan Agusta kuma ruwa ke rushe masu ɗaki, kuma tabkunan da ya kamata su riƙe ruwan nan sune muke cikewa muna sayarwa.

Shi yasa nake ce wa yaron nan mai son a haƙa daga Dole zuwa jami'a, ɗana ka bar wannan maganar. Osaka mutum wajen miliyan 2.7 ne a cikin gari kaɗai banda na kewaye da ke shigowa aiki kullum, yawan nan ne ke biyan kuɗin jirgi. Kuma jirgin lantarki yake ci ba ƙyaftawa, da injin iska da na zuƙe ruwa da fitilu, mu da aka yanke mana wutar Najeriya a 2023 muka ga yadda gari ya koma, ka ɗauka kana cikin rami a lokacin. Mun kuma ga layin dogon Yamai zuwa Dosso, kusan kilomita 140, an yi biki a 2016, har yau ba fasinjan da ya isa Dosso da tikitinsa. Abin da muke iya ɗauka daga Osaka baya buƙatar ko dala ta bashi daga waje: a bar hanya da faɗinta tun kafin a gina, a bar wa ruwa nasa wurin. In an bar faɗin yau, jikokinmu su suka san abin da zasu ɗora a kai, bas ce ko jirgi ko abin da bamu san sunansa ba tukuna. In an cinye shi, sai an rushe gidajen mutane an biya diyya kafin a yi komai, kuma mun san ba za'a yi ba. Tun ran gini tun ran zane.

Akwai ɓangaren labarin da ba zai yi wa manyanmu daɗi ba. Kuɗin hanyar Midosuji da na jirgin, wani kaso daga aljihun masu filayen wajen aka karɓa. Hujjar Seki ita ce in hanya ta wuce ƙofar gidanka ko tasha ta zo kusa da shagonka darajar filinka zata hau, to ka biya wani abu daga ribar da aikin jama'a ya jawo maka. 'Yan kasuwar sun yi ta tirjiya, an sha fama kafin su yarda su tashi ko su biya. A nan kuwa in aka shimfiɗa gudron ko fabe a unguwa, filin jika ɗari biyar ya koma miliyoyi dare ɗaya, mai shi ya sa a aljihu, in kanibon gabansa ya toshe kuma yace ina gwamnati. Ina son in ji ranar da wani Alhaji zai miƙe a taron unguwa yace ni na ci ribar hanyar nan, yasar kanibon layinmu ta shekara a kaina. Amma in faɗi gaskiya mutane ba zasu yarda su biya ba sai sun ga inda kuɗin ke zuwa, wannan kuma nauyin masu karɓa ne.

Kada kuma yaranmu su ɗauka aljanna ce a ƙarƙashin Umeda. Wurin ya haɗe da tashoshi da yawa na kamfanoni daban daban da kasuwar ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe tun 1963, lunguna ne ke shiga cikin lunguna har su 'yan garin suna ɓata a ciki. Da safe matsi ne na gaske, har sai da aka ware tarago guda na mata zalla saboda 'yan iskan da ke fakewa da cunkoso suna taɓa su. An sa shinge mai ƙofa a bakin dandamali saboda masu faɗawa, da mai maye da makaho da wanda duniya ta yi wa zafi. Ga shiru, tarago cike da mutane ba mai ce wa wani sannu, kowa ya sunkuyar da kai kan waya ko yana gyangyaɗi da kwat ɗinsa. Ni dai na yi kewar hayaniyar tasharmu inda kafin mota ta cika ka san sunan ƙauyen na kusa da kai da abin da ya kawo shi birni. Wannan ba abin da zamu yi musaya da shi bane.

Ƙananan abubuwa biyu dai na so ace mun kwaikwaya don basu da tsada. Kowane layi da launinsa da harafinsa, kowace tasha da lambarta, na Midosuji ja ne, Umeda kuma M16, ni da ban iya karanta ko harafi ɗaya na rubutunsu ba da ja da lamba nake kai kaina masauki. Ka tuna yawan iyayenmu da basu yi boko ba da ke sauka tasha suna tambayar motar Gure ko ta Matamaye, yaran kamasho na jan kayansu kowa ta nasa gefen. Fenti da lamba kawai. Na biyu kuma tubalan nan rawaya masu ƙuraje da ake jerawa a ƙasa don makaho ya bi da sandarsa, wani Bajapane mai suna Miyake Seiichi ya ƙirƙiro su aka fara shimfiɗawa a Okayama a 1967, masu buga fabe na garin nan zasu iya yin irinsu in an basu samfur.

Roƙona gareka Edita guda biyu ne. Ka turo ɗan jaridarka Damagaram kafin damina, ba bayanta ba, ya nemi taswirar lotisma ta sabbin unguwanni biyu ko uku, ya ɗauki igiyar awo ya je ya gwada faɗin hanyar da ke takarda da faɗin da ya rage a ƙasa, ya nemi filayen da aka rubuta na jama'a ne ya ga me ke kansu yau, ku buga lambobin kawai ba sai kun kama sunan kowa ba. Na biyu, ku taya mu kira a riƙa manna taswirar kowace sabuwar unguwa a fili inda kowa zai gani, ƙofar mai unguwa ko jikin masallacin Juma'a, da alamar inda ruwa ke bi da ja, don mai sayen fili ya san abin da yake saye kuma maƙwabta su san inda hanya ta tsaya. In ɗan jaridar ya zo ya nemi tsofaffin masu awo, muna nan da yawa a gari mun yi ritaya muna zaman fada, igiyata ma tana nan, zan raka shi ba sai ya biya ni ba, kuɗin kabu-kabu kawai.

Na gode da fili, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani tsohon mai awon filaye,
Garin Malam, Damagaram